Zuwa ga Ummi, kafin ki tashi Malesiya

Assalamu alaikum Ummi 'yata,

Tunda takardar amincewar biza ta fito daga EMGS, hukumar da ke kula da takardun ɗalibai baƙi a Malesiya, kowa a gidan nan murna yake, ni kam hankalina na kan abin da zai biyo baya, shi yasa na ce bari in rubuta miki ki ajiye a wayarki ki riƙa dubawa.

Takardu tukuna. Katin allurar shawara ki haɗa shi da fasfo wuri guda, don 'yan Najeriya ana tambayarsu. Kina sauka Kuala Lumpur kwana 7 kike da shi ki je asibitin da suka amince a sake miki gwajin lafiya, bayan nan makaranta ta karɓi fasfonki a manna izinin zama na ɗalibi. Izinin nan sabunta shi ake yi, kuma sai sun ga kin halarci aƙalla kashi 80 na darussa, matsakaicin makinki (CGPA) bai yi ƙasa da 2.0 ba, kinga ashe fashin aji a can har zamanki a ƙasar yake taɓawa. Dan Allah kar ki bari sai ya kusa ƙarewa sannan ki fara guje-guje. Batun aiki kuma ki cire shi a ranki, awa 20 a sati aka yarda, shi ma sai lokacin hutu kuma sai da izini.

Wannan kuwa umarni ne nake ba ki: kar ki karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko tsohuwa ce tana roƙonki da kuka, ko 'yar garinmu ce. Safarar ƙwaya a Malesiya hukuncinta na iya kaiwa ga rataya.

To mutanen ƙasar fa. Malay su ne mafi yawa kuma Musulmi ne, sai Sinawa, sai Indiyawa galibinsu Tamil, da yawansu zamanin mulkin Ingila kakanninsu suka zo, Sinawa haƙar kuza Indiyawa gonakin roba. Sun sami 'yanci a 1957, amma ranar 13 ga Mayu 1969 rikicin ƙabilanci ya ɓarke a Kuala Lumpur aka yi asarar rayuka, shi yasa har yau maganar ƙabila da addini da sarakunansu ba a sakin baki a kanta. Mu da muka san abin da irin wannan fitina ta yi wa Kaduna da Jos ai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ko a Facebook kar ki sa baki, ke baƙuwa ce.

A masallaci 'yan Shafi'iyya ne, za ki ji liman na bayyana bisimilla, da asuba kuma ya yi alƙunutu bayan ruku'u hannu a sama. Ki bi kawai, ba kuskure suke ba, kar ki ce za ki gyara wa kowa. In ƙawarki Basiniya ta gayyace ki bikin sabuwar shekararsu ko Ba'indiya ta kira ki Deepavali, bikin fitilu na 'yan Hindu, ki je ki gaishe da iyayenta, ki cire takalmi a bakin ƙofa, ki tambayi abincin cikin ladabi don akwai masu cin alade. A waje ki nemi tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, ko ki shiga shagunan mamak na Indiyawa Musulmi.

Abin da ke min ciwo shi ne wasu 'yan uwanmu sun ɓata mana suna da damfara, har akwai masu gidan haya da ba sa ba baƙar fata. In kin gamu da haka zai yi zafi na sani, ki kira ni mu yi magana kar ki haɗiye ke kaɗai. Shi yasa ma na fi son ki zauna hostel ɗin makaranta a Gombak, nan gefen Kuala Lumpur, shekarar farko.

Ranar da aka manna izinin ki ɗauki hotonsa ki turo min in ga ranar ƙarewarsa. Mamanki ta ce ki bar wuri a akwati, akwai yaji da kuka da daddawa da za ta sa miki. Allah ya tsare, ya yi miki albarka.

Babanki