A Riƙa Tambayar Mai Memori Kafin a Yi Masa Fomatin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga dukkan ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni ɗan fili in yi magana a kan wata asara da ake tafkawa kullum a nan Gombe, wato yi wa katin memori fomatin (share shi a sake tsara shi kamar sabo) a kwamfuta ba tare da an san abin da hakan ke jawowa ba.

Ana gab da azumin bana, gwaggona da ke zaune a Pantami ta aiki jikanta wani shagon masu tura karatu domin a ƙara mata tafsiri a memorin wayarta. A cikin katin akwai hotunan bikin 'yarta ta fari, akwai kuma saƙonnin murya da marigayi mijinta ya aiko mata daga Saudiyya a shekarar da ya sauke farali. Da yaron shagon ya sa katin, sai kwamfuta ta ce sai an yi masa fomatin kafin ya buɗe, shi kuwa bai tsaya tambayar kowa ba ya amince, ya zuba tafsirin, ya karɓi kuɗinsa. Bayan sallar isha'i ta kira ni muryarta na rawa, tana cewa, "Ɗana, muryar Alhaji ta ɓace."

Wannan saƙo da kwamfuta ke fitowa da shi ba ya nufin katin ya mutu. Sau da yawa datti ne a bakin katin, ko na'urar karantawa ce ta saki, ko kuma an taɓa zare shi yana tsakiyar aiki har jadawalin da ke nuna mazaunin kowane fayil ya rikice. Abin da ya kamata shi ne a soke umarnin, a goge bakin katin, a gwada shi a wata na'urar.

Ko da an riga an danna, magana ba ta ƙare ba. Fomatin ɗin gaggawa, wanda Windows ke zaɓa da kansa, jadawalin nan kawai yake sharewa, kamar a yage littafin da ke nuna inda kowane buhu yake a sito alhali buhunan suna nan. Manhajoji na kyauta irin su PhotoRec suna iya tono su, muddin ba a zuba sabon abu a kansu ba. Da su na dawo wa gwaggo da yawancin hotunanta, amma saƙo biyu kacal na samu daga muryar marigayin, domin tafsirin da aka zuba ya hau kan sauran ya danne su har abada. Da yaron ya tsaya a fomatin kaɗai, da kusan komai ya dawo.

Wannan al'amari yana da ɗaya fuskar da ta fi tayar mini da hankali. Mutane, musamman mata, suna sayar da waya haɗe da memori, ko su ba da shi kyauta, suna ganin sun wanke shi, alhali duk wanda ya iya aikin zai iya dawo da hotunan cikin gida da bai halatta ya gani ba. Wanda zai rabu da katinsa ya cire alamar da ke kan akwatin Quick Format, wato fomatin ɗin gaggawa, domin tun daga Windows Vista cikakken fomatin yana bin katin gaba ɗaya yana rubuta sifili. Yana ɗaukar lokaci, amma sirrin iyali ya cancanci wannan jira.

Sai kuma zaɓin tsarin da kati zai riƙa ajiye fayiloli a kai lokacin fomatin, wato FAT32, exFAT ko NTFS, wanda masu shaguna da dama ke yi da ka. Katin da bai wuce gigabait 32 ba da FAT32 yake zuwa, wanda ya haura haka kuma da exFAT, wanda Microsoft ya fitar a 2006. FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4, amma shi ne ƙananan rediyoyin da dattawanmu ke sauraron karatu da su suka fi ganewa, haka ma sifikun da ke cikin Keke Napep. NTFS kuwa an yi shi ne domin rumbun kwamfuta, wayoyi da yawa ba sa karanta shi, shi ya sa mutum kan dawo gida wayarsa ta ce katin ya lalace.

Roƙona gare ku, ranka ya daɗe, shi ne ku tura wakilinku ya zagaya shagunan waya na Gombe da Bauchi ya ga yadda ake aikin, sannan ku wallafa bayani dalla-dalla da Hausa. Su kuma masu shagunan ina kira gare su da su koya wa yaransu kwafe abin da ke cikin kati zuwa kwamfuta tukuna, su kuma nemi izinin mai shi baki da baki, ko da ta waya ne, idan yaro aka aiko.

Naku mai karatu a kullum,
daga Jekadafari, Gombe.