Zuciyar 'yata a dama take, ga kuma maganar aurenta

Assalamu alaikum Malama,

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke gefen Ringim, kuma ina sauraron shirinki duk mako. Wata magana ce ta hana ni barci.

'Yata ta fari shekarunta 17. Tun tana zanen goyo take fama da majina da tari mai kaki, kunnenta ma kan zubar da ruwa. Mun sha cewa sanyi ne, mun sha ba ta jiƙe-jiƙe. Da hunturun bana tarin ya yi tsanani, sai na kai ta asibiti a Kano. Da aka ɗauki hoton ƙirjinta, ma'aikacin ya zaci hoton ne ya juye, ya sake ɗauka. Ashe zuciyarta ce a dama. Da aka duba cikinta, hanta tana hagu, saifa da tumbi suna dama, komai ya musanya wuri.

Likitan, Allah ya saka masa da alheri, ya zaunar da ni ya zana min a takarda. Ya ce kimanin mutum 1 cikin 10,000 ake haifa haka, kuma da yawa suna tsufa lafiya lau ba su ma sani ba. Wajen mako na 3 da shigar ciki, kafin mace ta tabbatar ma tana da shi, akwai wani ɗan gurbi a jikin tayin mai wasu 'yan gashi da ido ba ya gani. Gashin nan juyawa suke yi suna kora ruwa zuwa hagu, ruwan kuma ya tada wata ƙwayar halitta mai suna Nodal a hagu kaɗai, daga nan kowace gaɓa ta san gefenta. Masana a Japan ne suka ga wannan kwararar ruwa a tayin ɓera a 1998. In gashin ba sa motsi, zuciya kan faɗa hagu ko dama, rabi da rabi. Kuma irin gashin nan ne ke share hanci da huhu, nata kuwa ba sa motsi, shi ya sa majinarta ba ta ƙarewa. Wani likita a Suwizalan, Kartagener, ya bayyana haɗuwar waɗannan alamu tun 1933. Wallahi da na ji wannan bayani sai da na yi tasbihi, domin shekara 17 ina ganin abin kamar sakacinmu ne.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne gadon. Ya ce sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar halittar da ke hana gashin motsi a ɓoye, sannan kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na fitowa da lalurar. Ni da mai ɗakina auren zumunci muka yi, 'yar baffana ce. Yanzu kuma Yayana ya nema wa ɗansa yarinyar, har an tsayar da magana sai bayan kaka. In yaron yana ɗauke da ƙwayar, kowane cikin da za ta yi rabi da rabi ne, kuma gwajin sikila da ake yi kafin aure ba ya nuna wannan. Likitan ya ƙara da cewa samun ciki ma yana iya yi mata wuya.

Na faɗa wa Inna, mahaifiyarmu, sai ta ce ai kwanciyar da uwar ta riƙa yi a gefe ɗaya da tana da ciki ce ta jawo. Matata ta kwana tana kuka, alhali ba ta da laifin komai, rabin abin ma daga jinina ya fito. Yaya kuwa bai sani ba har yau. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya biya min kuɗin makaranta, ban taɓa musa masa ba. In na yi shiru na ci amanarsa da ta ɗansa. In na faɗa, ina tsoron labari ya zaga gari a ce yarinyar mai aljanu ce, ta rasa manemi. Ita kuma tana son yaron.

Malama, da wane baki zan fara tunkarar Yaya? Ya dace in ɗauke shi mu je gaban likitan tare, ko in fara bi ta wurin limaminmu? Kuma wace magana zan yi wa Inna ta sauke laifin daga kan matata ba tare da na saɓa mata ba?

Wassalam,
Wani uba daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa