Wasiƙa Zuwa Ga Auta Kafin Tafiyarsa Maraɗi

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan horonka. Mu ma nan lafiya lau. Saƙonka ya iso cewa kana cikin matasan da za a kai Maraɗi ku ga yadda manoman can ke aiki. Na yi murna ƙwarai, Allah ya sanya albarka.

Abin da nake so ka fi zuba wa ido shi ne itatuwan cikin gonakinsu. Ka san al'adarmu: da an zo sharar gona sai a sare komai, a ƙone kututture, iska ta yi ta kwasar ƙasa har yashi ya binne shukar farko. Su ma haka suke yi a da. A shekarun 1980, da fari ya gallabe su, suka fara barin kututturen gawo da kalgo da sabara. Idan ya yi toho sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Ba dashe, ba ban ruwa, domin saiwar tana nan da ranta a ƙasa. Yau ana maganar hekta kusan miliyan 5 da suka farfaɗo ta haka a yankunan Maraɗi da Damagaram.

Ka je gindin gawo ka dubi ƙasar wurin da idonka, ka damƙo ta a hannu. Shi gawo da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya rufe wa gero rana, kuma ganyen ya zama taki. Da rani dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa, su bar kashi a wurin. Amma datse reshe ba shi ne mai wuya ba. Ka tambaye su yadda suka daidaita da makiyaya da masu saran itace, da wanda ke yanke hukunci idan an yi ɓarna. A ganina idan ba a yi wannan yarjejeniya ba, aikin ba zai kai shekara biyu a garinmu ba. Kuma kada ka tsaya ga shugaban ƙungiya kaɗai. Ka gaida dattawa da kyau, ka ji ta bakin mata, su ne suka san nisan da ake yi a da wajen neman itacen girki.

Ka kuma lura da yadda suke sa takin zamani kaɗan, kamar cikin murfin kwalba, a kowane rami maimakon watsawa. Da tsadar buhu a yanzu, wannan ya shafe mu kai tsaye.

Na ware maka gefen gonarmu ta gabas. Duk abin da ka koyo, a nan za ka gwada: rabin kunyoyin yadda muka saba, rabi sabuwar hanya, da kaka mu ƙirga dammuna. Irin waken nan na cibiyar bincike ta Samaru, SAMPEA 20-T, da aka fitar a 2019 don maganin tsutsar da ke huda kwanso, shi ma ka gwada shi a nan, amma ka saya wurin dillali amintacce. Mu adana shi a buhun PICS, wato buhun nan mai ninki uku da ke hana iska shiga, ba sai an zuba magani ba.

Idan ka dawo, ka tara sa'o'inka, musamman waɗanda suka bar fartanya suka koma acaɓa a birni. Kada ka yi musu wa'azi, ka kai su gonar su gani. Ka riƙa gayyatar malamin gona shi ma, ka kuma karɓi lambar wayar manoma biyu ko uku a can don tambaya idan abu ya shige maka duhu.

Ka tafi da katin shaidarka da littafin rubutu. Ku yi tafiyar rana, kuma ka kira mahaifiyarka kafin ku tsallaka Jibiya, hankalinta yana kanka.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Mahaifinka.