Wasiƙa Daga Kumasi Kan Wata Waƙar Fatake

Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Yaya Kano, yaya sanyi? Mu nan sai godiya.

Aiki zan ɗora maka, tunda kai ne mai kunnen waƙa a cikinmu. Kwanan baya an nuna wani fim na tarihi a talabijin kan madatsar ruwan Akosombo, wadda aka fara ginawa a 1961 aka gama a 1965. Da ruwa ya taru ya zama tafkin Volta, sai da aka tashi mutum wajen 80,000 daga garuruwansu, har da tsohon garin Kete Krachi. To daidai inda ake nuna mutane suna loda kaya a mota, sai ga wata waƙa a ƙarƙashin muryar mai bayani. Dattijuwa ce ke yi, da Hausa, ga goge, ga 'yan amshi. Rabinta Turancin mai bayani ya danne. Abin da kunnena ya tsinta shi ne madugu, da goro, da jakuna, da Salaga.

Na jira ƙarshen fim inda ake jero sunaye. An sa mai ɗaukar hoto, an sa direbobi, an gode wa masu dafa abinci. Waƙa kuwa, sai aka ce ta gargajiya ce, shi ke nan. Wallahi abin ya ci mini rai. Baiwar Allah ta buɗe baki ta rera, wani ya miƙa mata na'ura ya ɗauka, a wani gari, a wata rana, amma direba ya fi ta samun suna.

Babban ɗana ya gwada manhajar nan ta waya mai gano waƙa, ba ta kawo komai ba. Ban ga laifinta ba. Ita tana gwada sautin da ta ji ne da faifan da aka riga aka zuba a rumbunta, wanda kuwa aka ɗauka a zaure ko a tsakar gida, ba a taɓa kai shi kasuwa ba, ina za ta san shi?

Sai na bi hanyar da muka sani. Bayan sallar isha'i na kunna wa dattawan da ke zama a ƙofar masallacinmu, nan fa gardama ta kaure. Wani tsohon ɗan tireda, mutumin Yendi, garin ƙabilar Dagomba a arewacin Ghana, ya rantse kiɗan Dagomba ne. Yana da hujja, domin masu gogen Dagomba sukan saka Hausa a waƙoƙinsu, sun daɗe suna cuɗanya da mutanenmu. Amma wani tsohon dillalin goro ya ce a sake kunnawa, a bar muryar, a saurari abin da ke bayan gogen. Ya ce Dagomba caki suke kaɗawa a bayan goge, nan kuwa ƙwarya ake bugawa da 'yan sanduna, irin ta Hausawa. Aka sake, muka kasa kunne: ƙwarya ce. Mutumin Yendi bai sallama ba, amma ya rage murya.

Ni kuma abin da na lura da shi, Hausar matar ba irin tamu ta Zango ba ce. Ka sha yi mini dariya a kan yadda muke haɗa mace da namiji mu ce musu “ya”. Ita tana rarrabewa tsaf, kuma ƙ da ɗ suna fita a bakinta. Ko dai daga wajenku ta zo, ko a bakin wanda ya zo daga can ta koya.

Shi ya sa zuciyata ta fi karkata ga cewa waƙar ta girmi madatsar nesa ba kusa ba. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro, Salaga ce babbar kasuwarsu, har yaƙin basasa na 1892 ya watse garin. Wasu suka gangaro Kete, wasu Kumasi, wasu Ankara, wato Accra. Alhaji Umaru ma, malamin nan haifaffen Kano mai rubuta waƙoƙi, a Kete ya zauna bayan barin Salaga, a can ya rasu a 1934. Saboda haka waƙar madugu a bakin matar Kete ba abin mamaki ba ne. Dillalin goron ma cewa ya yi wannan zuga ce, irin wadda ake yi wa madugu in ayari zai tashi. Masu fim, a ganina, sun ji goge yana kuka ne suka ɗauka waƙar baƙin ciki ce, suka liƙa ta a kan hoton masu ƙaura.

In Allah ya yarda bayan Sallah zan je Legon, inda Jami'ar Ghana take. A Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana akwai ma'ajiyar faifai mai sunan Farfesa Kwabena Nketia, wanda ya rasu a 2019. Tun daga shekarun 1950 ya yi ta yawo cikin ƙasar nan yana ɗaukar kiɗa da waƙa. Sai dai ba na son in je hannu rabbana. In da baiti ɗaya cikakke, ko sunan madugun da ake zugawa, neman zai yi sauƙi.

Nan ne aikinka. Zan turo maka guntun ta WhatsApp, sautin ba shi da kyau, ka sa abin kunne. Ka fara da Hajiya, don mata sun fi mu riƙe irin waɗannan. In ba ta gane ba, ka leƙa kasuwar goro ta Mariri, ka nemi tsofaffin Agalawa, su da kakanninsu suka bi hanyar nan. Kada ka tambaye su wa ya yi waƙar, za su ce ta mutanen da ce. Ka kunna musu ka yi shiru. In wani ya kama amshi, ka bar shi ya je har ƙarshe, wayarka tana ɗauka, sannan ka tambaye shi a bakin wa ya ji, kuma a wane gari.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ban manta da alkawarin farin goro ba. Maiɗakina tana gaida mutanen gida.

Naka amini,
daga Kumasi