Rairayin Tenere da kyamarorin sararin samaniya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na ji daɗin bayanin da kuka buga kan yadda hotunan tauraron ɗan'adam ke taimaka wa manoma da makiyaya. Sai dai marubucin ya yi magana kamar kyamara ba ta ƙarya. Tana yi, musamman mai faɗin gani, wadda ke ɗauke ƙasa guda a ƙyaftawa ɗaya.

Duk mai wayar hannu ya san haka. Ka tsaya gaban fadar Sarkin Damagaram ka buɗe kyamara iyakar faɗinta, za ka ga katangar da ke gefe ta lanƙwashe, kusurwoyin hoton kuma sun fi tsakiya duhu. A hoton biki wannan ba komai ba ne. Amma idan da hoton za a ce ga inda ciyawa ta fito a Tanut, ga inda ba ta fito ba, ɗan duhun nan sai ya kai garke inda babu kiwo.

Shi ya sa kafin a harba kyamara ake shafe watanni ana gwada ta. A nuna mata ɗigogin haske da aka san mazauninsu daidai, a rubuta yawan karkatar kowane. A haska mata farin haske bai ɗaya don a gane gefen da ke rage shi. A sa ta ɗakin da aka zuƙe iskarsa, a gasa ta, a daskarar da ita. Duk da haka, girgizar roka da shekarun zafin rana sukan canza ta, kuma ba mai hawa ya sauko da ita gyara.

To da me ake auna ta a can sama? Da hamadarmu. A 1996 masana a Faransa suka zaɓi fili 20 a Sahara da yankin Larabawa, kowane kilomita 100 tsawo da faɗi, uku a cikinsu a arewacin Nijar suke. Rairayi ne da launinsa ba ya sauyawa, ba shuka, gajimare kaɗan. Idan hasken wurin ya ragu a hoto, an san idon kyamarar ne ya dushe. Kamar tiyar da aka yarda da ita ce a Kasuwar Dole, da ita ake kama ta mai ha'inci. Kyamarar POLDER ta Faransa, mai faɗin gani ƙwarai, na cikin waɗanda aka auna haka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, na koyar da kimiyya har na yi ritaya, ban taɓa ganin wannan a littafin ɗalibanmu ba. Hotunan Landsat, wato taurarin ɗan'adam na Amurka masu ɗaukar hoton ƙasa, kyauta ne tun 2008, cibiyar AGRHYMET mai nazarin noma, ruwa da yanayi kuma tana Yamai tun 1974. Ina roƙon malaman jami'armu ta Zinder su ba ko da ɗalibi biyu wannan aiki: su sauko da hotunan filayen nan uku na shekara goma, su kwatanta su da kansu.

Naku,
Tsohon malamin kimiyya,
Unguwar Birni, Zinder