Malam Edita, ilimin da aka kulle shi ne matsalarmu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na karanta rahotonku kan ƙirƙirarriyar basira kuma gaskiya kun yi ƙoƙari, sai dai duk maganar ta tsaya kan ChatGPT da tsoron rasa aiki, alhali akwai ɓangaren da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya mu ɗaliban kimiyya, wato yadda ake kulle takardun bincike sai an biya kuɗi.

A ɗauki AlphaFold na kamfanin DeepMind, manhajar da ke hasashen siffar furotin. Furotin ɗin jikinmu kowanne yana da yadda yake naɗewa, kuma wannan siffar ce ke nuna aikinsa da inda magani zai kama shi. A da mutum sai ya ƙare shekarun digirinsa na uku a lab yana neman siffar guda ɗaya tak. A 2020 wannan manhaja ta ba kowa mamaki a CASP, gasar hasashen siffar furotin, zuwa 2022 sun saki hasashen siffofi sama da miliyan 200 a intanet kyauta, har da na ƙwayar cutar maleriya da ke kashe mana yara duk damina, kuma a 2024 Demis Hassabis da John Jumper na DeepMind suka samu kyautar Nobel tare da David Baker. Toh amma a ina kwamfutar ta koya? Daga Protein Data Bank, rumbun da masana ke zuba sakamakonsu tun 1971 ba tare da sun ce a biya ba. Da sun kulle abunsu wallahi da babu AlphaFold ɗin. Haka ita ma takardar da ma'aikatan Google suka rubuta a 2017 wadda su ChatGPT suka ginu a kanta, a arXiv aka sa ta, shafin da masana ke ɗora takardunsu kyauta, kowa ya sauke.

Yanzu ka zo ka ga halin da muke ciki. Ka sai data da kuɗin abincinka, ka jira tsakar dare netwok ya yi kyau, ka samu takardar da ta dace da aikinka daidai, ka karanta taƙaitawar, kana danna sauran sai a ce kawo dala talatin da wani abu, takarda ɗaya fa! Wani lokacin ma jinin da aka yi binciken da shi a asibitocinmu aka ɗiba. Sai ka koma gurup ɗin WhatsApp kana roƙo, don Allah wa yake da ɗan'uwa a jami'ar waje ya sauko mana, ko ka tura wa marubucin imel ka zauna jiran tsammani. In kuma kai ne za ka buga naka a buɗe don kowa ya gani sai a ce kai za ka biya, mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a 2021, ina malamin jami'armu zai samo wannan? Kuma masu duba takardun nan galibi ko sisi ba a ba su.

Ko manyan ma ba su tsira ba. Da AlphaFold 3 ta fito a watan Mayun 2024 ba a saki lambobin manhajar ba, sai da masana suka yi ca da buɗaɗɗiyar wasiƙa sannan aka saki a Nuwamba, shi ma banda kasuwanci. Kenan in aka matsa ana buɗewa.

Mu ma da namu laifin a gida. Kundin digiri nawa ne ke jibge a sito ƙura da gara na ci? Ga matasan Masakhane da HausaNLP suna ta fama su koya wa kwamfuta harsunanmu, abun da suke nema shi ne rubutu da bayanai, mu kuma mun rufe namu a kwali.

Roƙona shi ne TETFund ta sa sharaɗi, duk binciken da aka yi da kuɗin al'umma a ɗora shi inda kowa zai karanta, ko a AJOL, shafin da ke tara mujallun bincike na Afirka, ko a rumbun jami'ar. Ku kuma Malam Edita don Allah ku tura wakilinku ɗakunan karatu na jami'o'inmu ya tambayi wace ce ta yi rajistar Research4Life, shirin da ke ba jami'o'in ƙasashe masu tasowa damar karanta mujallun bincike kyauta ko da rahusa, kuma ɗalibai nawa aka taɓa faɗa wa akwai shi.

Naka,
Wani ɗalibin digiri na biyu, daga Zariya