Rahoton ayyukan kungiya na shekarar 2024

Assalamu alaikum 'yan uwa masu POS da masu saida kaya ta intanet. Ga abin da kwamitinku ya yi a bana.

Babban aikin dai shi ne bin diddigin manhajojin da muke kasuwanci da su, shin suna cika abin da aka rubuta a yarjejeniya ko kuwa dadin baki ne kawai. Wasu za ka ga sun rubuta sabis dinsu zai rika aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokaci, to mun zauna mun buga lissafi, ma'anarsa daukewar sabis kada ta wuce kamar awa 8 da minti 45 a shekara. A shekara fa, ba a wata ba! Akwai wani kamfani, ba sai na kama suna ba, ranar jajibirin babbar sallah kadai ya cinye awanninsa, ga layi har bakin titi ga kwastoma na ta masifa wai mu muka danne masa kudi. Shi ya sa muka raba littafi ga wakilanmu na Kasuwar Barci, Kawo, Rigasa da Kasuwar Sheikh Gumi, duk sanda transfa ta makale a rubuta rana da lokaci, a dauki hoton risit.

Littafin nan ya yi rana wallahi. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya (CBN) ya ce in an ciri kudin mutum a POS ciniki bai tafi ba a maida masa cikin awa 72, amma da can in ka je korafi sai a ce netwok ne kawai. Yanzu da muka ajiye musu hujja a tebur sai magana ta canza.

Amma ba mu dora wa manhaja laifin da ba nata ba. Na 14 ga Maris da wayoyin intanet na karkashin teku suka lalace mun ware shi daban, wannan har Ghana ya shafa.

Mun kuma taimaka wa mambobi da rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni. Naira 50 din da ake cira a kan kudin da ya kai dubu 10 kuwa harajin gwamnati ne, mu abin da muke dubawa kada a cira sau biyu.

Inda muka gaza: littafin Rigasa rabinsa fayau yake, Alhaji a yi hakuri amma gaskiya ce. Bayanin kudin wata ma'aji zai karanta ranar taro, kowa ya zo da tsohon littafinsa za a ba shi sabo.